Tsohuwata Ta Yi Tari, Kun Fara Rabon Gado

Tun ranar da na yi suɓul da baka na ce Marsandina ta fara wani ɗan ƙara da safe, ban sake shan ruwa da daɗi ba. Wanda bai taɓa riƙe sifana ba ya zama likitan inji. Wani maƙwabcina ya tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ya haɗa hannuna cikin nasa biyu kamar mai gaisuwar mutuwa, ya ce, "Malam, sai haƙuri. Na ji inji ya buga." Wa ya ce maka ya buga, Alhaji? Ƙara na ce. Tsakanin ƙara da bugu akwai tafiyar da ta fi ta Yerwa zuwa Damaturu.

Daga Kano wani ɗan kasuwa ya aiko mini cewa in kira 'yan gwangwan su ɗora ta a sikeli tun ƙarfe yana da daraja. Wani Bafulatani daga Yola, wanda ya ɗauka duk mai kwana a Maiduguri Babarbare ne, don haka tsokanarsa halal ce, ya ce da kuɗin da nake zubawa a motar nan karsana na saya, da yanzu ta haihu sau biyar. Sai kuma wani yaro ɗan jami'a da ya rubuto da ladabi, ya ce, "Baba, zamanin kasa kunne ya wuce, a jona mata kwamfuta kawai."

Na ji duka. Ku gyara zama. Amma ku sani tun yanzu, bana babu mai cin gadon nan.

Ga wadda kuke yi wa fatan kabari: 300E ce, ƙirar 1990, irin wadda muke kira V-Boot saboda yadda aka yanka murfin but ɗinta. A ƙarshen 1984 aka fara fito da wannan samfuri a Jamus, aka ci gaba da ƙera shi har 1995. Silinda shida a jere, inji mai lita uku, waifa guda ɗaya tak da ke share gilashi kusan gaba ɗaya. In ka rufe ƙofarta "dum" take cewa. Ku je ku rufe ta motocinku ku ji abin da za ta ce.

Bari in fara sallamar ɗan jami'a, tunda shi ne ƙarami. Yaro, wannan soket da kuke cusa wa na'ura a ƙarƙashin sitiyari, a 1996 Amurka ta wajabta shi ga motocin da ake sayarwa a can. Motata ta girme shi da shekara shida. Ko da a sabuwar mota ma, kwamfuta abin da na'urorin aunawa suka gaya mata take maimaitawa: iska ta yi yawa, wuta ta tsallake a silinda kaza. Ba ta da kunne. Boris na iya yin wata uku yana gurnani, ita tana nuna maka komai lafiya lau. An ce gani ya kori ji, to a gareji sau da yawa ji ne ke korar gani, domin abin da ke ciwo yana can cikin ƙarfe inda ido ba ya kai wa sai an kwance, kwancewar kuwa ita ce kuɗin.

Shi kuwa maƙwabcina mai ta'aziyya, ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Wurin farko da na tsaya, wani saurayin bakanike ne a gefen titi. Ban kashe mota ba, ban buɗe bonet ba, ya karkata kai kamar zakara yana kallon shaho, ya ce, "Alhaji, sai an sauke inji." Ni ko Makka ban taɓa zuwa ba. Tauraron nan da ke tsaye a kan hancin motar shi ya kai ni aikin hajji, kuma shi ke ninka mini farashin komai, tun daga faci har wankin mota. Na ce masa zan dawo. Yana can yana jira.

Na wuce wurin dattijon da ya san motar tun kafin in san ta. Babarbare ne, gemu fari tas, bai taɓa kirana da sunana ba, sai "Afuno". Na fara yi masa bayani da hannu da baki, ya ɗaga tafi.

"Afuno, yaushe take yi?"

"Kullum, Baba."

"Babu ƙaran da ke yi kullum sai na matar da aka yi wa kishiya. Da sanyin safiya ko bayan ta yi zafi? A sulo ko in ka taka totur? Tana tsaye ko tana tafiya?"

Na yi tsuru-tsuru. Wata biyu ina jin ƙaran nan, amma ban taɓa saurarensa ba. Ya ce in bar ta ta kwana, in dawo bayan asuba, don inji mai zafi yana ɓoye rabin sirrinsa. Na koma gida a Keke Napep, ina jin idon unguwa a ƙeyata.

Washegari da ya tayar da ita, sai ya ɗauko wani dogon sukuddireba, ya ɗora tsininsa a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa. Ya saurari nan, ya matsa, ya saurari can. Yaransa sun yi shiru kamar ana karatun Muwaɗɗa. Abin da na koya a wannan safiya shi zan ba ku kyauta, ko da yake ba ku cancanta ba.

Ƙaran inji unguwa-unguwa ne. Akwai na sama, akwai na gaba, akwai na ƙasa, kuma kowace unguwa da irin kuɗin hayarta.

Na sama shi ne kas-kas-kas marar nauyi, kamar keken ɗinki a shagon tela. Yawanci tafet ne. A irin wannan inji tafet ɗin da baƙin mai yake cika, man ne ke rufe ɗan gibin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. In mota ta kwana man ya sulale ƙasa, sai ka ji kas-kas na ɗan lokaci kafin famfo ya turo shi sama. Wannan gyaran murya ne kawai, tsofaffi duk suna yi. In ya ƙi dainawa har inji ya yi zafi, to man ya yi datti, ko ya tsinke kamar ruwa, ko ya yi kaɗan, ko tafet ɗin ya gaji. Kuma ana gane shi da ƙidaya: sandar da ke buɗe bawul sau ɗaya take juyawa in karanshaf ya juya sau biyu, saboda haka ƙaran sama yana tafiya ne a rabin saurin inji, ba ya gaggawa.

Na gaba kuwa gidan haya ne mai mutane da yawa. Bel guda ɗaya ne ke jan altaneto da famfon ruwa da famfon sitiyari da kwamfureson esi. In bel ɗin ya saki sai ya riƙa ƙiii kamar jaririn da aka ƙwace wa nono. In boris ɗin ɗaya daga cikinsu ya ci, sai gurnani, ko wani shuuu mai ƙaruwa da totur. Dabarar gane su ba ta cin ko sisi: a cire bel, a tayar da inji yana sanyi, ƙasa da minti ɗaya, kada a wuce haka tunda famfon ruwa ba ya juyawa. In ƙara ya ɓace, ɓarawon yana cikin 'yan haya, sai a bi su ɗaya-ɗaya ana juyawa da hannu. In bai ɓace ba, sai a fara addu'a.

Akwai wani da ba shi da unguwa, yawo yake yi: ƙas-ƙas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, wanda ke fitowa in ka taka totur da kaya ko kana hawa gada da rana tsaka. Fetur ne ke fashewa a silinda ba bisa ƙa'ida ba. Zafi na kawo shi, baƙin da ya taru a kan fistin na kawo shi, gurɓataccen fetur na kawo shi. Kun tuna Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol aka janye shi, layi ya cika gidajen mai? Daga tashar Antwerp ta Beljiyam aka ce ya taso. Mota Beljiyam, kayan gyara Beljiyam, ran nan har man ma ya zama Beljiyam.

Sai na ƙasa. Shi ba ya kas-kas, gwaf-gwaf yake yi, mai nauyi, kamar ana daka a turmi a bayan katanga. In ka taka totur ya bi ka, in inji ya yi zafi ya ƙara fitowa fili. Metal ne ya ci, wato ɗan siririn ƙarfen da ke tsakanin karanshaf da konrod, sai gibin ya buɗe suna gwabza juna. Wannan ne ake ce wa bugu, Alhaji, kuma shi ma ba a yanke masa hukunci da kunne kaɗai. Baba ya nuna mini shaidu uku. Na farko, allurar mai da ke kan dashbod, mai lamba daga 0 zuwa 3: in inji ya yi zafi a sulo tana iya sauka sosai, littafin masu motar ya yarje mata har 0.3, amma da an taka totur dole ta miƙe ta koma 3. In ta yi nawa, akwai magana. Na biyu, a cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, in an zo kan silinda mai ciwo sai dakan ya lafa. Na uku, a tsiyayo man a kwano a fita da shi rana, in yana ƙyalli kamar kwalliyar amare, inji yana cin kansa.

Yanzu ga ɗan'uwana na Yola, tunda shi ba ya fahimtar lissafi sai da kofato. Jauro, bel zakara ne. Famfon ruwa akuya. Tafet, in an canza da yawa, tunkiya ce mai ciki. Gasket na tofsilinda ragon layya ne, har da kuɗin mahauci in sai an kai kan an goge. Amma in aka ce a sauke inji, a yanka karanshaf, a sa sabon metal da ringi, to bijimi ya fita daga garke, wani lokaci ma ya ja ƙaninsa. Ka ga abin da ya sa ba a barin mai karkata kai ya yanke hukunci: yana iya sa ka sayar da bijimi a kan ciwon zakara. Batun karsana kuwa, na yarda tana haihuwa. Sai dai ban taɓa ganin an kai mai naƙuda asibiti a kanta da ƙarfe biyun dare ba. Kuma kai ka fi kowa sanin abin da aka ce komai lalacewar masa ta fi shi.

Hukuncin Baba ya fito kafin rana ta yi zafi. Ƙara biyu ne suka haɗu suka zama ɗaya a kunnena. A jikin abin da ke ɗaure bel akwai wani ɗan shokozoba da bai wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba, robar bakinsa ta cinye, shi ke kwaram-kwaram a sulo. Baba ya danna shi da ƙotar guduma, ƙaran ya ɗauke ɗif, ya saki ya dawo. Ɗayan kuma tafet ne. "Ƙasa lafiya," in ji shi. Ban taɓa jin kalma biyu masu daɗin waɗannan ba tun ranar da aka ce mini "an ɗaura".

Daga nan sai shari'a ta juyo kaina. Ya zaro sandar awon mai, ya murza a yatsa, ya shinshina, ya dube ni.

"Afuno, ina ka sayi wannan?"

A gefen hanya na saya, a galan mai kyan gani, da rangwamen da ya kamata ya sa ni zargi. Injin nan kusan lita shida yake sha, ni kuma na ga an rage mini kuɗi sai na manta araha ba ta ado. Ya buɗe lagireto, ya ga ruwan rijiyar burtsatse zalla, ja kamar zoɓo saboda tsatsa. Ya duba inda tamostat yake, babu. Wani gwani ya taɓa cire mini shi da sunan maganin zafi, yana cewa na ƙasar Turawa masu ƙanƙara ne. To, injin an gina shi ne ya yi aiki a kusa da digiri 87, tamostat ne ke kai shi can da wuri ya kuma tilasta ruwa ya bi ta lagireto yadda ya kamata. Kan injin alminiyom ne, gangar jikin baƙin ƙarfe, zafi ba ya buɗa su daidai da juna, gasket ɗin da ke tsakani shi ke shan wahalar kowace hawa da sauka. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, hunturu kuma ya cika matatar iska da ƙura kamar an tankaɗe gari, motar da ta haura shekara 30 tana haƙuri da irin wannan riƙo, wallahi ita ya kamata ta rubuta ƙorafi a kaina.

Saura Bakano, kuma shi ba zan yi masa dariya sosai ba, don akwai gaskiya a bakinsa. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Tankin motata lita 70 ne. Ku buga da kanku: cika shi sau ɗaya a lokacin ya lashe naira 70,000, daidai mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Dala da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta tsallake 1,500 a cikin 2024, kuma duk wani kusa na motar nan da dala ya shigo ƙasar. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ban musa ba.

Inda muka rabu da kai, Alhaji, shi ne sikeli. Kai kana auna kuɗin gyara da abin da za a ba ni in na sayar. A wannan awo ko taya huɗu sababbi sun isa a ce a jefar da mota. Ni kuwa ina auna shi da abin da zan biya in sami wata da za ta yi mini aikin da wannan take yi. Dalar da ta tsadar da famfon ruwa ita ce ta tsadar da motocin Kwatano, har ma ta fi. In na sayar da tsohuwata yau, kuɗin ba zai saya mini komai ba sai tsohuwar wani, wadda ban san da wane mai aka shayar da ita ba. Tawa kuwa na san inda take yoyo, na san dalilin da ya sa gilashin baya na hagu ba ya sauka.

Kuma sayen tsohuwar mota a Maiduguri ya ƙara zama abin lura tun daren 9 zuwa 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga gari. A nan babu zolaya: an rasa rayuka, an rasa gidaje, Gwange da Fori da kewayen Monday Market da fadar Shehu duk sun sha ruwa, irin wanda ba a gani ba tun 1994. Motoci da yawa sun kwana kwanaki a nutse. Waɗanda suka yi haƙuri aka cire fulogi, aka fitar da ruwa, aka juye mai kafin a yi kiki, da dama sun tsira da injinsu. Waɗanda suka murza makulli don su gwada, sun koyi cewa ruwa ba ya matsuwa kamar iska: fistin ya taso ya tarar da shi, konrod ya lanƙwashe. Irin waɗannan an wanke wasu, an fesa turare, sun shiga kasuwa. In za ka saya, ɗaga kafet ka nemi laka, duba man ko ya koma kalar shayi da madara, shinshina kujera. Tawa tana tudu a ranar, ba don wayona ba.

To yaushe zan sallama? Na gaya wa Baba, na kuma gaya wa uwargida, wadda ta fi ku duka son a sayar. Ran da gwaf-gwaf ya zo shi kaɗai, jiki babu tsatsa, giya na shiga lafiya, zan sayar da bijimin in gyara. Ran da ya zo tare da giya mai suɓucewa, sai in kira Bakano ya turo 'yan sikelinsa. Domin a nan zaɓi ya zama injin Beljiyam, shi kuwa cinikin biri a sama ne. Daga kasuwar Ladipo ta Legas zuwa nan ya haura kilomita 1,500, daga Ƙofar Ruwa ta Kano kusan 600. Inji yana zaune a ƙasa an wanke shi yana sheƙi, ba ka ji kukansa ba, ba ka ga allurar mansa ba. Sai an kawo, an ɗora, an biya mai ɗorawa, sannan za ka san ko ango ka auro ko majinyaci. In majinyaci ne, ka mayar da shi a kan kuɗin motarka, ka kuma yi rantsuwa cewa ba kai ka kashe shi ba.

Abin da na kashe a wannan karo: ɗan shokozoba, tamostat, mai na ƙwarai da filta, wankin lagireto da ruwan sanyaya inji na gaskiya, da kuɗin hannun Baba. A lissafin Jauro, akuya da 'yar ɗiyarta. Tafet ɗaya har yanzu yana gyaran murya da asuba, yana yin shiru kafin in gama addu'ar fita daga gida. Baba ya ce in bar shi, shi ma haka yake yi.

Shekaranjiya da daddare aka yi sallama. Maƙwabcina ne mai ta'aziyya, yana murza hula. Ɗansa zai yi aure, an sa ranar wushe-wushe, kuma dangin amarya manyan mutane ne, ba ya so a ɗauko ta a ƙaramar mota. Ko Malam zai taimaka da Marsandi?

Na ce, "Wadda ta buga, Alhaji?"

Ya ce ai shi dama bai yarda da maganar mutane ba.

Mun daidaita a kan lita 20, ni zan tuƙa, kuma babu yaron da zai zauna a kan bonet. Abin da ban gaya masa ba shi ne, tun ranar Talata, in na sa giya ina jin wani ɗan "gum" daga ƙarƙashin kujera, wajen farfela. Baba bai sani ba tukuna, uwargida ba ta sani ba. Ku ma ban gaya muku ba.